Saratu, Matar da Ta Koya wa 'Ya'yanmu Musu da Manya

A wannan watan ne Saratu ta cika shekara takwas da barin duniya. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai in ce zan rubuta wani abu a kanta, in ɗauki alƙalami, in sake ajiyewa. Na san halinta ne. Da tana nan da ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Maman Bashir, wannan da kika rubuta, gani kika yi ko ji kika yi?" To, bana na daure. Zan rubuta abin da na gani, inda kuma ji na yi zan faɗa cewa ji na yi.

Ga wanda bai san ta ba, Saratu maƙwabciyata ce a Silver Spring. Ƙofarta na kallon tawa a hawa na uku na wani tsohon bene da lif ɗinsa ya fi son hutu a kan aiki. 'Yar kudancin Kaduna ce. Ta koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata a gida, da ta zo Amurka kuma ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, inda take wuni tana duba jinin mutane. Ni aikina karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Ita coci take zuwa, ni masallaci. Ita ba ta da haƙurin dogon surutu, ni kuwa da surutun nake cin abinci. Duk da haka shekara da shekaru jirgin ƙasa ɗaya muke shiga da safe, kuma ban taɓa sanin inda gishirina ya ƙare nata ya fara ba.

A ƙasan gininmu, daura da ɗakin injinan wanki, akwai wani ɗaki da masu gida suka ware don taron 'yan haya. Mu dai ba ma tuna shi sai ranar suna. Saratu ta je ta roƙa a riƙa ba ta shi kowace Asabar. Dalilinta shi ne, makarantun nan duk shekara suna yin gasar kimiyya. Yaro zai ɗauki tambaya, ya yi gwaji da hannunsa, ya tsaya kusa da aikinsa ya yi wa alƙalai bayani. 'Ya'yanmu kuwa ko dai ba su shiga ba, ko kuma uban yaro ne ya zauna ya haɗa masa komai, yaron ya ɗauka ya kai kamar ɗan aike. Wannan abu yana ci mata rai. Sai ta bi gida-gida ta tattaro yaran Hausawa da na duk masu jin Hausa, na Najeriya da na Nijar, Musulmi da Kirista, ta zuba su a ɗakin nan.

Dokokinta biyu ne. Ta farko, manya ba sa taɓawa. Ta biyu, yara ke shugabanci: kowane zango su zaɓi shugaba a cikinsu, shi ke riƙe mabuɗi, shi ke raba aiki, shi ke raba faɗa. Ita kuwa sai ta ja kujerar ƙarfe ta zauna a bakin ƙofa, ta cusa hannuwa cikin rigar sanyinta. Tana kallo yaro zai haɗa waya a baibai, ta cije leɓe, ba za ta tanka ba sai in abin zai ji wa wani ciwo. Mu iyaye abin bai kwanta mana ba da farko. Mun saba malami a gaba yana faɗa, yara suna amsawa. Wani uba ya leƙa ya ji hayaniya ya tambaye ni ko makaranta ce ko kasuwar kaji. Wata rana yaran suka malale ɗakin da ruwa garin gwada famfon da suka ƙera da tiyo. Saratu ta ɗaga ƙafafunta kawai, ta nuna wa shugabarsu inda ake ajiye tsumma.

A cikin yaran akwai Ramatu, ɗiyar Malam Isufu, abokin aikina mutumin Maraɗi. Ita ba a nan aka haife ta ba. A hannun kakarta ta tashi, sai da ta kai shekara goma aka kawo ta. In Ramatu ta shigo gaishe ka sai ka ji kamar ka koma gida: ta durƙusa, ido a ƙasa, murya can ciki. Da ita muke yi wa namu gori. Ɗana Bashir in ka ce masa rana ta fito sai ya ce bari ya duba taga. Ramatu kuwa ko cewa ka yi yau Talata alhali Juma'a ce, "to" za ta ce maka. Kuma duk cikinsu ba wanda ya kai ta hannu da natsuwa.

Shekararta ta farko a gasar, aikin tace ruwa ta yi. Ta ɗebo ruwan wani rafi da ke bayan unguwarmu, ta jera gorunan roba, wani da tsakuwa, wani da yashi, wani da gawayi. Ta gano da kanta cewa yashi ke kama laka, amma wari da launi sai gawayi. Ranar gasa muka tafi babban zauren wasanni na makarantarsu, aka tsayar da iyaye can gefe. Abin da zan faɗa yanzu gani na yi daga nesa, maganar kuma daga bakin Ramatu na ji daga baya. Wani dattijo mai farin gashi ya tsaya a teburinta, ya duba gorunan ya ce shi a ganinsa yashin ne ya yi duk aikin, gawayin ado ne kawai, ko ba haka ba? Ashe haka alƙalan nan suke yi, su jefa maganar da suka san ba daidai ba don su ga ko yaro zai kare aikinsa. Ramatu ta san amsar kamar sunanta. Amma dattijo ne sa'an kakanta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yes, sir." Ya sake tambaya, har da duƙawa don ya samu idonta. Ita kuma ta ƙara sunkuyarwa. Ya yi ɗan rubutu ya wuce.

Ba rashin kyautar ne ya yi ciwo ba. Daga baya malamar ajinsu ta gaya wa Malam Isufu, cikin lallashi, cewa alƙalai sun yi shakkar ko yarinyar ce ta yi aikin da kanta, tunda ta kasa kallonsu, ta kuma yarda da abin da ya saɓa wa nata allon. Wato abin da muke kira tarbiyya, su alamar rashin gaskiya suka ɗauke shi. Malam Isufu ya zo har ƙofar Saratu.

"Madam, ni ban kawo ɗiyata ƙasar nan don a mai da ta maƙaryaciya ba. In ladabi laihi ne a lakwal ɗinsu, makarantar nan tasu ta boko, to ta zamna gida ran Asabar ta taya uwarta aiki."

Saratu ta roƙe shi, ni ma na sa baki. Da ƙyar ya yarda ya ƙara mata shekara ɗaya, bisa sharaɗi: in za a sa ta yi magana a sa ta, amma kada a dawo masa da ita marar kunya. In ɗaya daga cikin biyun ya faskara, Ramatu ta bar ɗakin ke nan. Da ya tafi Saratu ta biyo ni gidana ta zauna a kujerata. Can ta ce, "Mu muka yi mata wannan, Maman Bashir. Mun koya mata yadda za ta girmama babba, ba mu koya mata abin da za ta yi in babban ya yi kuskure ba."

Yau in na zauna cikin iyaye ina jin kuka iri biyu. Wasu na cewa yaran nan na Amurka idonsu ya tsaya, ba sa ganin kowa da gashi. Wasu kuma na cewa mu bar su, haka ƙasar take, wanda bai buɗe baki ba a baya za a bar shi. Nakan yi tunanin wane ɓangare Saratu za ta ɗauka, sai in tuna cewa tun a wancan lokacin ta ƙi ɗaukar ko ɗaya. Ba ta son yaro marar kunya, na sha ganin ta kori yaro waje don ya shigo bai gaida kowa ba. Ba ta kuma son yaron da zai ga fari ya ce baƙi don babba ya faɗa.

Abin da ta ƙirƙiro shi ne zaman musu. A ƙarshen kowane wata sai ta gayyato iyaye mu zama alƙalan ƙarya. Aikinmu mu zagaya teburan yara muna faɗin abin da ba daidai ba da gangan, da fuska a murtuke. Aikin yaro kuma ya gyara mana, amma da kalmomin da ta tsara, kuma da Hausa: "A gafarce ni, Baba, abin da na gani daban ne. Ga shi." Sai ya nuna. In ba ka da abin nunawa, ba ka da izinin musu. Haifaffun nan tsakiyar maganar suke faɗawa kai tsaye. Bashir kafin ka rufe baki ya ce maka da Turanci ba haka ba ne, sai Saratu ta mai da shi baya ya fara da neman gafara. Har yaran da ba su iya roƙon ruwan sha da Hausa ba sai da suka haddace jimlar nan. Ramatu kuwa matsalarta ta juya. "A gafarce ni" tana fita sumul, daga nan sai murya ta maƙale. Watanni aka yi a haka, shekarar da ubanta ya bayar tana ta guduwa.

A nan ne na shigo labarin, ba da sanina ba. Ni dai ba yabon kai ba, a duk Silver Spring ba a yi wainar da ta kai tawa ba, kuma ina da sirri. Na yi imani cewa ruwan famfon Amurka, da wannan warin maganin nasa, shi ke kashe ƙullu ya hana shi tashi. Don haka ruwan gora nake saye, manya-manyan nan, in yi ta dakonsu zuwa hawa na uku ina haki. Na yaɗa wannan karatu a cikin mata, suka bi, don ba wadda za ta yi musu da mai waina irin tawa. In kuma hunturu ya zo ƙullu ya ƙi tashi duk da ruwan gorar, sai in ce kamfanin ne ya fara algus. Saratu ta ci wainata shekaru ba ta taɓa cewa uffan ba. Wata Asabar na kai wa yaran waina, sai ta ce da ni a gabansu, ta yi fuska kamar ba ta san komai ba, "Maman Bashir, ki gaya musu sirrin mana." Ni kuwa na gyara tsayuwa na zuba lacca.

A zangon nan Ramatu yaran suka zaɓa shugaba, don ita kaɗai ce ba ta taɓa ɓatar da komai ba. Ita da kanta ta ce wannan za ta ɗauka a matsayin aikinta na gasa. Niyyarta ta karrama ni, ta nuna wa Turawa da hujja cewa Tanti, kamar yadda take kirana irin na mutanen Nijar, ta san abin da take faɗa. Ta jiƙa shinkafa kashi biyu, ɗaya da ruwan famfo ɗaya da na gora, ta markaɗa, ta sa yis daidai wa daida. Ta zuba a kwalabe masu tsawo, ta raba wa 'yan ƙungiyarta: wasu a bakin taga inda sanyi ke shigowa, wasu a kan tebur, wasu kusa da hita. Suna auna zafin wurin, suna auna tashin ƙullu da rula. Suka maimaita mako bayan mako, don Saratu ta ce abin da ya faru sau ɗaya labari ne kawai. Duk yadda suka juya, amsa ɗaya ce. Ruwa ba ruwansa. Kwalbar da ta samu ɗumi ta tashi, wadda ke cikin sanyi ta kwanta.

Abin da ya biyo baya daga bakin Saratu na ji. Ramatu ta kawo mata allon aikin, a ƙasa ta rubuta cewa ruwan gora ya ɗan fi. Saratu ta ce, "A ina ya fi? Nuna mini." Yarinya ta fashe da kuka ta ce, "Anti, Tanti ce fa. Kamar uwata take." Saratu ta ce, "Ai shi ya sa. Kina ganin uwarki tana hawa bene da ruwa a ka, gwiwarta na ƙara, ke kuma kin san a banza ne. Ki yi shiru don kina jin kunyarta? Wannan ba ladabi ba ne, Ramatu. Barin ta ne kika yi."

Ranar Lahadi bayan la'asar aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ramatu ce da faranti, kwalabe biyu a kai an rufe da tawul. Saratu tana tsaye a tata ƙofar, hannuwa cikin rigar sanyi. Yarinya ta ajiye faranti ta durƙusa. Ina wuni, ina gajiya, ya sanyi, ya aiki, ya su Bashir, ta zagayo ta sake komawa kan gajiya.

Na ce, "Ramatu, gajiyar nan kin tambaye ta ɗazu. Lafiya?"

Ta ja numfashi. Na ga idonta ya taso daga ƙasa, ya tsaya a haɓata, ya ƙara hawowa har ya haɗu da nawa. Ban taɓa sanin launin idon yarinyar nan ba sai ranar.

"A gafarce ni, Tanti. Abin da na gani daban ne. Ba ruwa ba ne, ɗumi ne." Ta yaye tawul. "Ga shi. Wannan na famfo, wannan na gora. Duka a gefen hita suka wuni."

Ba zan ɓoye ba, da farko haushi na ji. 'Yar yarinyar nan, a kicin ɗina, a kan wainata! Sai na dubi kwalaben. Dukansu sun kumbura har baki, na famfon ma yana neman zubowa. Na zauna daɓas a ƙasa kusa da ita na yi dariya har da hawaye. Na ce yanzu duk shekarun nan dako nake yi wa kamfanin ruwa kyauta? Muka ɗora tanda muka soya duka biyun, aka cakuɗa aka ba ni in bambance, na kasa. Na rungume Ramatu. Saratu, da ta shigo tun muna suya, ta juya baya tana goge ido, wai albasar da ke cikin ƙullun ce ta shige mata.

A gasar shekarar wata mata ce mai tabarau ta tsaya a teburin Ramatu. Ta jefa nata tarkon, ta ce ai kowa ya san maganin da ake sa wa ruwan famfo yana kashe yis. Daga inda muke tsaye na ga Ramatu ta ɗan rusuna, ta ɗago, ta dubi matar ido cikin ido, ta kai yatsa kan allonta. Ta daɗe tana bayani, matar tana tambaya tana amsawa, har wasu alƙalan suka matso. Malam Isufu da ke gefena ya riƙe baki ya ce, "Hajiya, wannan ɗiyata ce kuwa?" Ita ta zo ta ɗaya a rukuninta, daga baya har ta wakilci makarantarsu a matakin gunduma. Amma abin da ba zan manta ba shi ne, da aka miƙa mata kyautar ta ratso tsakiyar zauren nan, a gaban Turawa da kowa, ta durƙusa a gaban ubanta ta miƙa masa da hannu biyu. Mutumin nan ya karɓa. Sannan ya juya wajen Saratu ya ce, "Madam, kin cika alkawali, duka biyun."

Bayan wannan ɗakin ya cika ya batse. Iyayen da ke kiran wurin kasuwar kaji su ne suka riƙa kawo 'ya'yansu tun daga Alexandria, can jihar Virginia. Ana cikin haka ciwon daji ya kama Saratu. Ta yi watanni tsakanin asibiti da gida, mu manya hankalinmu duk ya koma can, wa zai kai ta, wa zai kwana, wa zai dafa abin da za ta iya haɗiyewa. Ba wanda ya sake tunawa da ɗakin ƙasa. A ƙarshen hunturu ta cika, hannunta cikin nawa. Ban taɓa rashin da ya girgiza ni irin wannan ba tun rasuwar mahaifiyata.

Bayan an yi jana'iza an share makoki, iyaye muka taru a ɗakin nan don mu san abin yi. Manya a kan kujeru, yara a jikin bango. Malam Isufu ne babba, shi ya yi magana. Ya yabi Saratu har muryarsa ta karye, sannan ya ce gaskiya ɗaya ce, a cikinmu ba mai iliminta, ba mai haƙurinta. Gara mu mai da wa masu gida mabuɗinsu cikin mutunci da mu bar abin ya lalace a hannunmu. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni. Muna ganin girmama ta ke nan.

Sai Ramatu ta taso daga jikin bango. Lokacin tana ajin ƙarshe na sakandare, mabuɗin na rataye a wuyanta da zare. Ta zo gaban ubanta ta durƙusa, a gaban duk dattawan nan, ta ɗago kai.

"A gafarce ni, Baba. Abin da na gani daban ne."

Kowa ya juyo yana kallonta, ta ci gaba.

"Tun da Anti ta kwanta, ba Asabar ɗin da ɗakin nan ya wuni a kulle. Ba ta zo ba, ku ma ba ku zo ba, mu mun zo. Mun yi zaɓe, manyanmu sun koya wa ƙanana. Ga shi."

Ta yi wa yaran alama, suka buɗe manyan kabad ɗin da ke bayan ɗakin suka fara fito da kaya. Wata 'yar fanka da iska ke juyawa ta kunna ƙwan fitila. Wake da aka shuka a ƙasa iri-iri. Wata mota ta kwali mai tafiya da hasken rana. Suka cika teburan, kowane yaro ya tsaya kusa da nasa. Duk wannan an yi shi ne a watannin da muke zarya a asibiti.

"Anti ba ta taɓa taɓa mana aiki ba, Baba," in ji Ramatu. "Abin da muka rasa babba ɗaya ne da zai zauna a bakin ƙofa ya naɗe hannu."

Malam Isufu ya daɗe yana kallon teburan. Ya cire hula ya share fuska da ita, ya mayar. Ya ce, "Gaskiyarki, ɗiyata. Riƙe mabuɗinki." Wata mata daga Jos ta rangaɗa guɗa a ɗakin da muka shigo da makoki. A nan take muka raba Asabar a tsakaninmu, kuma har yau ba a fasa ba. A lokacin ne na gane abin da matar nan take yi duk shekarun da muke ganin kamar zaman banza take a bakin ƙofa. Tana shirya ɗakin ne yadda zai iya rayuwa ba ita.

Me za ta ce da ta ga yau? Na san za ta yi tsaki in ta ga yaro ya tambayi waya abin da zai iya gwadawa a kicin. Amma ina jin mu manya za ta fi yi wa faɗa, mu da muke tura wa juna saƙon cewa kaza na maganin kaza ba tare da mun tambayi wa ya gani ba. Ni kaina a wurin aiki, in labari ya zo da zafinsa, muryarta nake ji tana tambayata ko gani aka yi ko ji. Za ta yi dariya in ta ji Bashir, sarkin musu, yanzu malamin makaranta ne, yara na rama mini. Za ta fi yin dariya in ta ji inda Ramatu take: injiniya ce a wata ma'aikatar tace ruwan sha a Virginia. Ruwan famfon nan da na yi shekaru ina ɓata wa suna, yanzu ita ke kula da shi. In ta zo gaishe ni har gobe sai ta durƙusa, kuma in na yi kuskure har gobe sai ta faɗa mini.

Saratu ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba. Yawancin yaran da ke ɗakin yanzu ba su taɓa ganin ta ba. Nakan ji tsoron kada wata rana a wayi gari ba wanda ya san wace ce ita sai ni da 'yan tsofaffi kaɗan. Da wannan tsoron na sauka ƙasa Asabar ɗin da ta wuce, don layi ya zo kaina. Na zauna a kujerar ƙarfen nan, wadda har yanzu ƙafarta ɗaya ke rawa. A teburin da ke kusa da ni wata 'yar mitsitsiyar yarinya, iyayenta ba su daɗe da tarewa a unguwar ba, tana fama da batir da waya da ƙwan fitila. Ta juya batirin a baibai. Na kalla, na kau da kai, na sake kallo. Ban san lokacin da hannuna ya miƙa ba.

Ta dafe batirinta, ta ɗan rusuna, ta dube ni tsakiyar ido. Da wata karyayyiyar Hausa mai ƙamshin Turanci ta ce, "A gafarce ni, Kaka. Manya ba sa taɓawa."

Na tambaye ta wa ya gaya mata haka. Ta ɗaga kafaɗa ta ce kowa ya sani.

Na janye hannuna na cusa shi cikin rigar sanyi, na cije leɓe. Ta yi ta juyi, ta cire, ta mayar, ta yi tsaki, ta sake. Can sai ga fitila ta kama. Ta yi tsalle tana kiran 'yan'uwanta su zo su gani, ba ta ko waiwaye ni ba. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina share ido, kuma ranar ko albasa ɗaya babu a ɗakin. Ki huta lafiya, Saratu. Wannan ba ji na yi ba, gani na yi.